Ranar Dashen Itatuwa: Me Ya Sa Abin da Muke Dasawa Ba Ya Kai Baɗi?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni shugaban wata makarantar firamare ne a karkarar Jihar Jigawa. Kusan kowace shekara ana kawo mana 'ya'yan itatuwa a leda, mu tara yara da dattawan gari a yi bikin dashe, a yi jawabai, a ɗauki hotuna. Amma kafin wata damina ta zagayo da ƙyar za ka ga biyu ko uku a tsaye. Na ji an ce a Nijar har hutu ake yi saboda dashen itace. Shin wannan biki yana da wani amfani, ko ɓata lokaci ne kawai? In yana da amfani, me za mu gyara bana?"

Wa alaikumus salam, Malam Hedimasta. Allah ya ƙara wa makaranta albarka. In na fahimce ka, abu biyu kake tambaya: ko ware rana guda don dashe yana da fa'ida, da kuma dalilin da ya sa naku dashen yake mutuwa. Amsata a taƙaice ita ce bikin yana da amfani, amma shi ne mafi ƙanƙantar aikin. Ranar dashe kamar ranar suna ce. Ana taruwa, a yi addu'a, a watse, sannan reno ya fara. A yawancin wuraren da aikin gandun daji ya kai ni, taron ake shiryawa da kyau, renon kuma a bar wa Allah ba tare da an ɗora shi a wuyan kowa ba.

Inda al'adar ta samo asali

Abin da ka ji game da Nijar gaskiya ne, sai dai da ɗan ƙarin bayani. Ranar 3 ga Agusta ita ce ranar da ƙasar ta sami 'yancin kai daga Faransa a 1960. Bayan farin da ya halaka dabbobi da amfanin gona a farkon shekarun 1970, gwamnatin Seyni Kountché ta mayar da ranar ta zama ta dashen itace kuma, tun daga 1975. Shugabanni kan dasa, jama'a su dasa, a kuma ba da kyaututtuka ga waɗanda suka yi fice wajen yaƙi da hamada. Abin da nake so ka lura da shi shi ne kwanan watan. Farkon Agusta tsakiyar damina ne a ƙasar Hausa, ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi, kuma akwai sauran makonni na ruwa a gaba. Ranar ta faɗo daidai lokacin da itace yake so.

Irin wannan rana ta girmi Nijar. A jihar Nebraska ta Amurka, wadda fili ce fetal mai iska, wani ɗan jarida mai suna Julius Sterling Morton ya ba da shawarar a ware rana, aka yi ta farko ranar 10 ga Afrilu 1872, kuma an ƙiyasta an dasa kimanin miliyan ɗaya a ranar. Su a wurinsu Afrilu lokacin dashe ne, sanyi ya wuce, ƙasa da laima. A 'yan shekarun nan abin ya zama gasa. Habasha ta ce ta dasa fiye da miliyan 350 cikin awa 12 ranar 29 ga Yuli 2019. Ghana ta fara tata ranar a watan Yuni 2021 da burin miliyan biyar. Kenya ta ba da hutun ƙasa sukutum ranar 13 ga Nuwamba 2023 don mutane su fita dashe. Turkiyya ta dasa miliyan 11 ranar 11 ga Nuwamba 2019, bayan 'yan watanni ƙungiyar ma'aikatan gona da daji ta ƙasar ta ce mafi yawan waɗanda ta duba sun bushe saboda ƙarancin ruwa da rashin dacewar lokaci, hukuma kuwa ta musanta. Ka ga ke nan ciwon da ke damun makarantarka ba naka ba ne kai kaɗai. Kowa yana sanar da adadin da ya dasa, ba kasafai ake jin wanda ya dawo bayan shekara biyu ya faɗi adadin da ya rayu ba.

A Najeriya babu hutun ƙasa na dashen itace. Jihohi ne kan ƙaddamar da gangami da damina, ga kuma Hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa da aka kafa da doka a 2015, wadda Jigawa tana cikin jihohi 11 da take aiki a cikinsu. Rashin hutun bai dame ni ba, don yana nufin kuna da 'yancin zaɓar ranarku.

Abin da ke kashe dashen

Na farko lokaci. Sau da yawa ana ɗaura bikin da wata ranar duniya: 21 ga Maris ranar gandun daji, 5 ga Yuni ranar muhalli, 17 ga Yuni ranar yaƙi da hamada. Waɗannan ranaku ne masu kyau na wa'azi da faɗakarwa, amma wanda ya dasa itace a Jigawa ranar 21 ga Maris, bazara na kan ganiyarta, ya dai yi wa rana hidima. Ko farkon Yuni ma ruwa bai zauna ba a arewacin jihar. A yi ruwan shuka, a yi kwana goma sha babu ɗigo, ɗan itacen da aka fito da shi daga inuwar gandun reno ya ƙone. Kuskuren da ya fi wannan yawa kuma shi ne jinkiri. Kuɗi ba su fito ba sai ƙarshen Agusta, babban baƙo bai sami sarari ba sai Satumba, a dasa ruwa yana bankwana. Itacen da bai sami aƙalla mako shida zuwa takwas na ruwan sama ba, saiwarsa ba ta nutsa inda za ta iske laima da rani.

Ku makarantu kuna da wata matsalar ta daban. Lokacin da ya fi dacewa da dashe, daga tsakiyar Yuli zuwa farkon Agusta, shi ne lokacin da ake shirin dogon hutu. Ana dasawa yau, jibi a rufe makaranta, filin ya zama makiyaya da hanyar wucewa har Satumba.

Na biyu dabbobi, kuma a ganina su ne suka fi kowa laifi. Da damina akuya tana ɗaure, ciyawa ta wadata, dashe yana ta tofo, kowa yana murna. Da an kawar da amfanin gona aka saki dabbobi, ciyawa ta bushe, koren abu ɗaya da ya rage a filin makaranta shi ne naku. Akuya ba sai ta cinye shi duka ba. Ta cire kan tofon sau biyu ko uku, ta ɓare bawon, shi ke nan. Yawancin dashen da mutane ke cewa fari ya kashe, in ka duƙa ka duba kututturen za ka ga shaidar haƙori.

Na uku shi kansa irin da yadda aka sa shi a ƙasa. Ana kawo abin da ya samu a gandun reno, ba abin da wurin yake buƙata ba. Wani ya daɗe a leda har saiwarsa ta naɗe kamar gammo, wani an jijjiga shi a bayan mota cikin rana ƙasar ta zube. Ranar biki kuma ana sauri, a sara rami da fartanya iya tsawon ledar, wani yaron ma ya binne shi da ledar gaba ɗaya. Sai gara ta zo ta ƙarasa, musamman ga turare da mangwaro.

Amma duk waɗannan rassa ne. Tushen shi ne itacen ba shi da mai shi. Ka duba gidajen garinku: mangwaron da wata tsohuwa ta dasa a bayan ɗaki, tana zuba masa ruwan alwala da na wanke-wanke, ta kife masa tsohon kwando, yana nan da ransa. Ƙasa ɗaya ce, rana ɗaya, akuyoyin ma su ne. Bambancin kawai akwai wanda zai ji zafi in ya mutu.

Darasin Maradi

Nijar ɗin da ka ambata ta koyi wannan da tsada. Shekara da shekaru ana kafa gandun reno ana dasa baƙon iri, mafi yawa suna mutuwa. Akwai inda aka yi nasara, kamar layukan darbejiya masu kare iska da aka fara dasawa a kwarin Majiya cikin jihar Tawa a 1975, amma can ɗin an sa masu gadi, an hana kiwo har itatuwan suka fi ƙarfin dabba. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai aikin gona a yankin Maradi, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan kurmin da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne, tofon kututturen itatuwa ne da aka sare tuntuni, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon a sare duka a ƙone, sai manomi ya zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar mafi ƙarfi a kowane kututture, ya cire sauran, ya ɗan yi musu aski. Manoman wurin suka kira shi sassaben zamani. Da yake saiwar ta riga ta yi zurfi, ba ya neman ban ruwa, kuma cikin shekara biyu zuwa uku ya wuce tsawon mutum.

Binciken da aka yi daga baya da hotunan tauraron ɗan'adam ya ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan biyar sun farfaɗo a kudancin Nijar, musamman Maradi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200. Gawo ya fi yawa a wurare da dama, don manomi ya san shi: yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ƙasan sa ya fi ko'ina yabanya, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Abin da ya sa aikin ya bazu ba dabarar kaɗai ba ce. A da, doka ta ɗauki itacen gona a matsayin na hukuma, manomi yana iya shan tara a kan abin da ya tsiro a gonarsa, don haka ya gwammace ya kashe shi tun yana ƙarami. Da aka sassauta, mutane suka tabbata abin da suka rena nasu ne, sai suka rena.

Ban kawo wannan don in ce a daina dashe ba. Filin makaranta da yara suka tattake shekaru ba lalle a sami kututture mai rai a cikinsa ba, kuma mangwaro da gwaiba ba sa tsirowa da kansu. Amma kafin ku karɓi leda ko ɗaya, ku zagaya iyakar filin ku duba. In akwai tofon kalgo, sabara, aduwa, magarya ko gawo, ku fara da su. Kyauta ne, kuma su ne za su fi saurin ba ku inuwa.

Yadda zan shirya ta in ni ne kai

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shirin ranar dashe yana farawa tun bazara, kuma tambayar farko ba "guda nawa za a ba mu" ba ce, "guda nawa za mu iya karewa mu shayar har damina ta biyu" ce. In amsar ashirin ce, ku dasa ashirin. In an kawo ɗari biyu, ku raba sauran ga iyayen yara su kai gida, ku rubuta sunan duk wanda ya karɓa. A abin da na gani, wanda aka kai gida ya fi na fili rayuwa nesa ba kusa ba, musamman in ya shiga hannun mata, kuma in mai 'ya'ya ne ko zogale.

Wajen zaɓen iri, ku raba buƙata. Don inuwar filin taro da gaban azuzuwa, darbejiya tana da wuyar kayarwa: tana jure fari, dabba ba ta cika damunta kamar sauran ba, tana da sauri. Maɗaci ya fi ta kyau da daɗewa amma yana da nawa. Don shinge a iyakar fili, bagaruwa ko magarya, a dasa su kusa da kusa. Tsamiya, kuka, ɗorawa da kanya na jikoki ne, amma a sa ko biyu-biyu, don su ne suke ɓacewa daga gonakinmu ba mai maye gurbinsu. Mangwaro, gwaiba da lemo sai in akwai rijiya ko famfo a kusa, kuma a dasa su inda ruwan da ke zuba daga famfon zai gangara musu. Turare ba na ba makaranta shawararsa kusa da rijiya ko gona, yana da shan ruwa, ƙasansa kuma ba ya barin wani abu ya yi kyau. Kowane babban itace a nisanta shi da gini aƙalla mita biyar, tsakanin darbejiya da 'yar'uwarta mita shida zuwa takwas, mangwaro mita goma.

Ramuka a haƙa su mako biyu ko fiye kafin ranar, faɗi da zurfi kamar rabin mita. Ƙasar sama a ajiye ta gefe guda, a cuɗa ta da ruɓaɓɓen taki, ita za a fara mayarwa. Ɗanyen kashin shanu yana kiran gara, yana kuma ƙona saiwa. In wurin fako ne mai tauri, a yi wa ramin kunya mai siffar rabin wata ta gefen gangare don ya tare ruwa. Irin da za a karɓa ya kasance tsawonsa kamar kamu ɗaya, karansa ya yi ƙwari, ba dogo siriri ba. A ajiye shi a makaranta kwanaki yana shan rana a rage masa ruwa kaɗan-kaɗan, don kada ya fito daga gata ya faɗa wahala rana ɗaya.

Ranar kanta ku sa ta bayan ruwa ya zauna, mako biyu ko uku kafin a ba da hutu, kuma ku bar wa kanku damar matsar da ita in aka yi ɗauke. Da yamma ake dashe, ko da safe in akwai hadari. A yanke gindin ledar da reza kamar faɗin yatsa don a cire saiwar da ta naɗe, a tsaga gefe a zare ledar ba tare da ƙasar ta watse ba, a sa shi daidai zurfin da yake a leda, a taka gefen da ƙafa, a yi masa ɗan kwari, a zuba ruwa ko da an yi ruwan sama jiya. Toka ko dakakken ganyen darbejiya a cikin ramin yana rage gara, ko da yake ba ya hana ta gaba ɗaya. Ledojin kuma a tattara su a ƙirga. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta gane ko wani ya binne tasa.

Kariya a yi ta a ranar, kada a ce sai kaka. Ƙayar magarya ko ta bagaruwa da aka kafa da turaku tana aiki in ana sabunta ta. Kewayen tubalin ƙasa mai ramuka-ramuka ya fi daɗewa, kuma ba mai sace shi ya kai murhu. Waya ta fi duka in da hali, amma kuɗin waya na itace ɗaya ya ninka kuɗin irin sau da yawa, shi ya sa nake cewa in za ku roƙi wani abu a wurin mai ba da taimako, ku roƙi waya da turaku, iri ba ya wuya. Darnin kara shi ne mafi rauni, jaki zai ci, gara za ta ci.

Sannan kowane itace a ba shi mai shi da suna. Ba aji ba, yaro biyu ko uku waɗanda gidajensu ke kusa, daga aji uku ko huɗu don su yi shekaru tare da shi kafin su fita, da malami ɗaya mai duba littafin sunayensu. Mai gadi a sa shi cikin maganar tun farko, a kuma san abin da za a riƙa ba shi, don shi ne zai kasance a wurin lokacin hutu. Mai unguwa da liman su sanar a masallaci cewa wanda dabbarsa ta yi ɓarna zai maye gurbin itacen. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, sadaka ce gare shi, kowa ya san shi, kuma ana karanta shi a kowane bikin dashe. Zan so liman ya sake karanta shi a watan Maris, lokacin da ake neman mai ɗaukar bokiti.

Shayarwar rani ba ta kai yadda ake tsoro ba in adadin kaɗan ne. Masu jure fari kamar darbejiya da bagaruwa, in sun sami damina mai kyau, bokiti ɗaya a mako daga Fabrairu zuwa saukar ruwa yana isarsu a shekarar farko. Masu 'ya'ya suna son sau biyu ko uku. Gara a zuba da yawa jefi-jefi da a yayyafa kullum, don yayyafi yana sa saiwa ta tsaya a sama. Tsohon tulu da aka binne a gefen itacen, a cika shi a rufe bakinsa, yana tsatsafar da ruwa a hankali, yana kuma rage aikin ƙwarai.

Game da bikin kuma, ga abin da zan canja. A rage jawabai, a fara da zagayen dashen bara. A ƙirga a gaban kowa: an dasa kaza, kaza na raye. Yaran da nasu ya rayu su ne za a ba kyauta, ko littafi ne ko sabulu, su ne kuma za a ɗauka hoto. Gurbin da ya mutu shi za a fara cikewa kafin a haƙa sabon rami. In kuna da ƙarfi, ku ƙara wata ƙaramar rana a ƙarshen kaka, kafin a saki dabbobi, ta gyaran shinge kawai. A irin ƙasarmu, in kashi bakwai cikin goma suka kai damina ta biyu an yi ƙoƙari sosai, rabi ma ba abin kunya ba ne. Wasu za su mutu ko me aka yi.

Wannan shawara na gina ta ne a kan ƙasar jigawa mai yashi da ruwan sama na wata uku zuwa huɗu, irin wadda na fi aiki a cikinta. Jiharku ba iri ɗaya ba ce. In makarantarka tana ɓangaren fadamar Haɗeja inda ruwa ke kwanciya, matsalarka za ta iya zama ambaliya, ba fari ba, darbejiya kuwa ba ta son ƙafarta cikin ruwa, sai a dasa a kan tudun ƙasa ko a jira ruwa ya ja, a kuma koma ga irin su giginya da bagaruwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka kafin ku tsayar da iri, ka gayyaci malamin daji na ƙaramar hukumarku ya taka filin da ƙafarsa, ka kuma tambayi tsofaffin garin itatuwan da suke wurin kafin a gina makarantar. In filin ba shi da takardar iyaka, ku daidaita da maƙwabtan gona tukuna, don dasa itace a kan iyaka a wurinmu da'awar mallaka ce, kuma na sha ganin dashen da aka tumɓuke da dare saboda wannan kaɗai. Allah ya ba da sa'a, ya kawo damina mai albarka.